RSV da ƙwayar mura: wace ce ke share wa asma hanya?

Duk wanda ya taɓa kwanan jinya a ɗakin yara ya san aikin ƙwayar RSV, ko da bai san sunanta ba. Jariri ɗan wata uku yana numfashi sama-sama, haƙarƙari na lotsawa, ya kama nono ya saki don iska ta ƙi isarsa. Ƙiyasin da mujallar Lancet ta wallafa ya nuna a 2019 kaɗai wannan ƙwaya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 100,000, kusan dukansu a ƙasashe masu tasowa. Ita kuwa rainobairos, mai kawo yawancin murar yau da gobe, ba wanda ke ɗaga mata kai. Majina ce da atishawa, a ce sanyi ne ya kama yaro.

Amma in maganar asma ake, wadda kakanninmu ke kira fuka, ƙwayar da aka raina ɗin ce abar lura. A jihar Wisconsin ta Amurka an bi wasu yara masu gadon borin jini tun daga haihuwa. Sakamakon 2008 ya nuna yaron da ƙirjinsa ya yi shewa da murar rainobairos kafin ya cika shekara uku, haɗarin kamuwarsa da asma a shekara shida ya ninka kusan sau goma. Na RSV bai kai ninki uku ba.

Ko ƙwayar ce ke haddasa ciwon? A nan nake taka-tsantsan. A Holan an yi wa bakwaini allurar kariya daga RSV, shewar ƙirji ta ragu sosai a shekarar farko, amma da suka kai shekara shida ba a ga wani bambancin kirki a ƙarfin huhunsu ba. Binciken Wisconsin kuma ya gano sau da yawa jikin yaro kan riga ya fara ƙin ƙura ko gashin dabba kafin mura ta soma toshe masa ƙirji. Wato tamkar ruwan sama ne da rufin ɗaki: inda ya riga ya tsage, nan yake yoyo.

A ganina RSV barazanar yau ce, mai bukatar asibiti da iskar oksijin cikin gaggawa, kuma yanzu akwai rigakafinta da ake yi wa masu juna biyu, sai dai bai wadatu a ƙasashenmu ba. Rainobairos tana da iri fiye da 150, ba ta da rigakafi, kuma ita ke yawan tayar wa masu asma ciwonsu. Dukansu biyu ba sa jin antibayotik, duk da yadda muke sayensa a kemis kamar gyaɗa.

Uwa, idan kowace mura sai ta sauka a ƙirjin ɗanki, yana tarin dare, ga ƙaiƙayin fata ko akwai mai asma a dangi, ki daina canza ruwan maganin tari, ki kai shi likita ya duba ko asma ce.