Zaɓen Haruffa Masu Kauri Don Fosta Da Kanun Labarai

Fosta da kanun jarida ana karanta su ne a tsaye ko ana tafiya, sau da yawa daga nesa. Shi ya sa masu tsara su ke neman haruffa masu kauri, dogaye kuma matsattsu: kaurin ya ja ido, matsin kuma ya bar kalmomi da yawa su shiga layi ɗaya ba tare da an rage musu tsayi ba.

Irin waɗannan haruffa sun yaɗu a ƙarni na 19, lokacin da maɗaba'u a Ingila da Amurka suka dukufa kan buga tallace-tallace. Manyan haruffan dalma suna da nauyi da tsada, sai Darius Wells na birnin New York ya fito da hanyar sassaƙa su da yawa a katako. A 1903 Morris Fuller Benton ya zana salon haruffa mai suna Alternate Gothic. A 1965 Geoffrey Lee ya zana Impact a Ingila, wanda daga baya Microsoft ya saka a kwamfutoci, har ya zama gama-gari. Yau akwai na kyauta a intanet, kamar Bebas Neue na Ryoichi Tsunekawa ɗan Japan, da Oswald da Anton na Vernon Adams.

Wajen zaɓe, abu na farko da ake dubawa shi ne cikin harafin. Idan kauri ya cinye ramin da ke cikin a, e da o, daga nesa sai su zama dunƙule ɗaya. Na biyu shi ne tazara: matsattsun haruffa kan manne da juna, don haka akan ɗan buɗa tsakaninsu, musamman idan duka manyan baƙaƙe ne. Na uku, ba a ɗaukar harafi na yau da kullum a matse shi da linzamin kwamfuta a CorelDRAW ko makamancinsa. Yin haka yakan sirance sandunan tsaye, na kwance kuma su kasance da kaurinsu, sai harafin ya karkace. Wanda aka zana a matse tun asali an daidaita masa wannan.

Ga mai buga Hausa akwai ƙarin sharaɗi. Da yawa daga cikin waɗannan salo ba su da Ɓ, Ɗ da Ƙ, balle Ƴ da ake rubutawa a Nijar. Idan babu, kwamfuta kan aro harafin daga wani salo, sai a ga siririn Ƙ a tsakiyar ƙattin haruffa, ko kuma fanko a gurbinsa. Don haka kafin a zaɓa, a fara gwada waɗannan haruffa manya da ƙanana. Noto Sans na Google yana da su, kuma yana da nau'i matsattse mai kauri.

Matsattsun haruffa masu kauri na take ne kawai. Kwanan wata, wurin taro da sauran bayani sun fi karantuwa da harafi sassauƙa mai faɗi, kuma salo biyu sun ishi fosta ɗaya.