Tuƙin Babbar Mota a Madawa, Buza da Keita: Koyo, Takardu da Abin da Ake Samu

Tuƙin babbar mota sana'a ce da mutanen Madawa suke gani tana wucewa ta ƙofar gidansu dare da rana. Garin yana bakin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso, Dogonduci da Birnin Ƙonni, ta ratsa Galmi da Madawa, ta nufi Maraɗi, Damagaram da Difa. Ita tankokin mai suke bi daga matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, kuma ita ake bi da simintin Malbaza. Daga Madawa wata hanya ta yi arewa ta hau tuddan Adar, ta bi Buza, Keita da Tamaske har Tawa, inda ta haɗu da hanyar Agadas da Arlit.

Kayan da ya fi jawo gingimari cikin wannan yanki shi ne albasa, ta kwarin Tarka da ta Majiya, wadda ake tarawa a wurare irin su Sabon Gida da Tamaske a kai Gana, Kodebuwa, Togo, Benin da Burkina Faso. Bayanta sai bisashe daga kasuwanni irin ta Tunfafi, da wake, sai hatsi da takin zamani da kayan masarufi masu shigowa. Saurayin da ya tashi a nan ba ya rasa motar da zai bi. Abin da yake wuyar samu shi ne ranar da za a damƙa masa makullinta.

Mafi yawan direbobin manyan motoci a Nijar da yaron mota suka fara, wanda ake kira karen mota ko aparanti. Yawanci uba ko kawu ko wani dattijon unguwa ne yake kai yaro wurin direban da ya sani, ya ce ga amana. Daga ranar yaron ya shiga hidima: shi zai wanke mota, ya duba ruwan lagireto da baƙin mai kafin sammako, ya bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya yana buga su da ƙarfe yana sauraron wadda ta yi sanyi. Shi ke ja da ɗaure tamfol, shi ke ƙirga buhuna lokacin lodi, shi ke dafa shayi da shinkafa a gindin mota, kuma a ƙarƙashinta yake shimfiɗa tabarma ya kwana yana gadin kaya. Idan mota ta tsaya a hawa, kamar yadda take yi a tuddan da ke tsakanin Buza da Keita, shi ne zai diro da gudu ya cusa katako ko dutse bayan taya kafin ta fara gangarowa da baya. Wannan aiki kaɗai ya ci yatsun yara da dama.

Sitiyari yana zuwa a makare. Da farko a bar shi ya tayar da inji da asuba ya jira iska ta cika tankunan birki. Daga baya ya gyara wa mota tsayuwa cikin tasha, sannan a ba shi miƙaƙƙiyar hanya ba kaya, maigida yana zaune a gefe. Ja da baya da tirela shi ne ma'auni: wanda ya iya shigar da ita lungun kasuwa ba tare da ta naɗe ba, an san hannunsa ya faɗa. Wani yakan kai wannan mataki cikin shekara uku, wani ya yi biyar ko fiye, gwargwadon ƙwazonsa da halin maigidansa.

Wannan makaranta ta hanya tana koyar da abin da babu shi a allo. Yaron mota yakan san inji da kunne, ya iya sauya taya a daji, ya san yadda ake magana da jandarma da ɗan duwan, ya haddace inda ruwa yake yanke hanya da damina. Aibinta kuwa a fili yake. Ba ta da ranar yaye, ba ta da albashi sai abinci da ɗan abin da maigida ya miƙo bayan an sauke kaya, kuma duk wani mugun hali na maigidan, yaron da shi zai tashi. Akwai direbobin da suke jan lokaci da gangan don kada su rasa mai yi musu hidima.

Komai gwanintar mutum, doka ba ta san shi direba ba sai da lasisi, wanda aka fi kira farmi. Dokar hanya da ake aiki da ita a Nijar ita ce ta 2014, kuma lasisi aji-aji ne. Ajin B na ƙananan motoci ne, ana samunsa daga shekara 18. Ajin C na motar kaya ne wadda nauyinta ya wuce tan 3.5, D na motar ɗaukar mutane da yawa, E kuma na jan tirela. Mai son gingimari sai ya haɗa C da E, kuma a nan ana neman ƙarin shekaru da takardar likita mai tabbatar da lafiyar jiki, musamman ido. Jarrabawar kashi biyu ce, ta dokoki da alamomin hanya, wadda ake kira kod, sai ta tuƙi, kuma jami'an ma'aikatar sufuri ne suke yin ta.

Makarantun koyon tuƙi masu zaman kansu, wato oto-ekol, sun fi yawa a manyan garuruwa irin su Tawa, Maraɗi da Yamai, kuma ba kowace ce take da babbar motar koyo ba. Ya kamata mai nema ya ga motar da idonsa kafin ya biya, ya kuma tambayi ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da na jarrabawa, da hotuna, da tambarin gwamnati, da na maimaitawa idan an faɗi. Ɗan Buza ko Keita zai ƙara da kuɗin mota da masauki. A Yamai akwai cibiyar gwamnati ta CFTTR, wadda aka kafa don horar da direbobi da makanikai, kuma takardarta tana da daraja wurin kamfanoni. Asusun FAFPA, mai tallafa wa koyon sana'a, yakan ɗauki nauyin horar da matasa a fannoni daban-daban, don haka bibiyar sanarwarsa a ofishin magajin gari ba ɓata lokaci ba ne. Lasisin da aka saya ta bayan fage kuwa yakan tona asirin mai shi ranar da aka yi haɗari.

Karatu yana da muhimmanci fiye da yadda samari suke zato. Takardun mota da na kaya, katin mallaka, inshora, takardar duba lafiyar mota, takardun duwan, duk da Faransanci suke, a Gana da Najeriya kuma da Ingilishi. Direban da bai iya karanta abin da ya sa wa hannu ba kullum a hannun wani yake. Akwai kuma dokar nauyi ta ƙungiyar UEMOA, doka mai lamba 14 ta shekarar 2005, wadda ta iyakance nauyin tirela mai gatari shida a tan 51 har da motar kanta. Buhun albasa na gargajiya, mai hular nan da ake ɗinkawa a bakinsa, yakan wuce kilo 100 nesa, kuma mai kaya kullum so yake a ƙara buhu goma. A wurin awo direba ne yake tsaye gaban ma'aikata, mai kaya yana gida.

Batun kuɗi shi ne inda aka fi ruɗin matasa, domin suna ganin direba ya zaro dami daga aljihu a tasha su ɗauka nasa ne. Lissafi kaɗan zai nuna inda damin yake tafiya. A 2024 gwamnati ta rage farashin gazuwal daga sefa 668 zuwa 618 kowace lita. Idan tirela mai kaya tana shan lita 45 a kilomita 100, tafiyar kilomita 1,000 za ta ci lita 450, wato sama da jikka 278 a wannan farashi, zuwa kawai ban da dawowa. Wannan kuɗin mai mota ne, amana ce a hannun direba.

Abin da yake na direba kashi biyu ne. Na farko albashin wata. Mafi ƙarancin albashi a hukumance ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 a farkon 2024, kuma a hannun mai mota ɗaya ko biyu albashin direba ba kasafai yake wuce jikka 100 ba. Na biyu kuɗin hanya, wanda ake ba shi kowace tafiya don abincinsa da na yaransa, da ƙananan gyare-gyare, da abin da ake bari a shingaye. Abin da ya rage nasa ne, kuma ga direbobi da yawa wannan ragowar, idan aka tara ta a wata mai tafiye-tafiye, takan fi albashin. Saboda haka yawan sawu ne yake yanke samun direba. Direbobi biyu masu albashi iri ɗaya, ɗaya ya yi sawu uku a wata, ɗaya ya yi kwana ashirin yana jiran lodi, ba abu ɗaya za su kai gida ba.

Manyan kamfanoni, da masu jigilar mai, da ƙungiyoyin agaji sun fi biya, kuma sukan yi kwantiragi a rubuce su yi wa direba rajista a asusun CNSS, inda fansho da diyyar haɗarin aiki suke fitowa. Su kuma sukan nemi cikakken lasisi, shaidar shekarun aiki, da iya karatu. A wurin ɗan kasuwa yarjejeniya ta baki ce, kuma rigima takan taso kan abubuwan da ba a faɗa ba tun farko: wa zai biya tayar da ta fashe, wa zai biya tarar nauyi, ana biyan albashi ko mota tana gareji. Gara a warware su gaban shaidu kafin a karɓi makulli. Ƙungiyar direbobi ta ƙasa, SNCRN, takan shiga tsakani idan magana ta lalace. Wasu direbobi sukan ƙara samu da ɗora fasinja a kan kaya ko sayar da man mota a hanya. Na farko yana mayar da ƙaramin haɗari ya zama makoki, na biyu kuma labarinsa yakan riga mutum isa tasha ta gaba.

Lokaci da siyasa ma suna da hannu. Lodin albasa yana tashi ne daga Maris zuwa Mayu, cikin tsananin zafi, kuma kaya ne marar haƙuri: kwana kaɗan na tsaiko ya isa ruwa ya fara ɗiga ƙarƙashin mota. Da damina ƙoramu sukan yanke hanyoyin ƙauye, mota ta yi kwanaki a bakin ruwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar Gaya da Malanbil, hanyar tashar jiragen ruwa ta Kwatano wadda take da nisan kilomita 1,000 da ɗoriya daga Yamai, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, inda jira ya riƙa kai makonni. Iyakar Najeriya, wadda ita ma aka rufe a lokacin, an sake buɗe ta a Maris 2024. Tsohuwar yarjejeniya da ƙasashen gaɓar teku ta ba motocin Nijar kashi biyu cikin uku na kayan da suka sauka domin Nijar, hukumar CNUT tana lura da rabon, amma samun lodi har yanzu ta hanyar layi da ƴan kamasho yake, kuma ɗan kamasho yana da nasa kason.

Jiki ma yana biya. Ciwon baya, basur da raunin gani abokan tafiyar tsohon direba ne. Barci shi ne babban makashi, kuma goro da shayi suna jinkirta shi ne kawai. Ƙwayar tramol, wadda ta yaɗu a tashoshi, tana sa mutum ya ji garau alhali hankalinsa ya ragu, har takan jawo farfaɗiya. A gangaren Adar ƙa'idar ita ce a sauka da giyar da aka hau da ita, domin birkin da aka danne tun daga sama yakan yi zafi ya saki kafin a kai ƙasa.

Burin mafi yawan direbobi shi ne mallakar mota. Galibi tsohuwa ake saye, Mercedes, DAF, MAN ko Renault da ta gama aiki a Turai, ko kuma Howo ta Sin, wani lokaci da haɗin gwiwar ɗan'uwa mai bida a Abijan. Daga ranar lissafi yake juyawa: tirela mai gatari shida tana iya tsayawa kan taya 22, kuma kowace a wuyansa take, tare da inshora, haraji da kuɗin makaniki. Masu irin wannan mota a yankin Madawa da Keita sukan riƙe gonarsu ko garkar albasarsu, su yi jigila da rani, idan ruwa ya sauka kuma lodi ya ja baya su jingine motar a gareji su koma noma har kaka.