Uwa da Samarinta a Bakin Iyaka

Kafin assalatu ta riga ta hura wuta. A wani ƙauye kusa da Ɗan Isa, da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa wannan baiwar Allah take riƙe samari biyu da budurwa, maigida yana can cin rani.

Da aka rufe iyaka a 2023, masu saye daga Jibiya suka ɗauke ƙafa. Babban ɗanta ya bar lakwal, ya kama jigilar kaya a babur ta hanyoyin daji. Cefane ya samu, amma ba ta runtsawa sai ta ji ƙarar babur ɗinsa.

Yanzu autan ma zancensa babur. Alhazai masu ba yaran nan kaya, shekarunsa 14 fa.