Takarda Kafin Harsashi: Hanyar Shiga Gasar Harbin Nesa a Ƙasashen Waje

A watan Agusta na 2022, maharba daga ƙasashe fiye da 20 suka hallara a wani sansanin soja da ke garin Bitche a gabashin Faransa, dab da iyakar Jamus, domin gasar duniya ta farko da ƙungiyar IPRF ta shirya a fagen harbin nesa da bindigar saiti. Galibinsu farar hula ne, kuma da yawansu sun ratsa iyakokin ƙasa da ƙasa ɗauke da bindigar da ke iya samun farantin ƙarfe daga nisan kilomita guda. Mai sha'awar wannan wasa yakan zaci babban aikin shi ne gano inda ake gasar da ranar da za a yi ta. Wannan kuwa shi ne mafi sauƙi, aikin 'yan mintuna ne a intanet. Abin da ke raba wanda ya je da wanda ya tsaya a buri shi ne takardu: lasisin gida, shaidar zama ɗan ƙungiya, wasiƙar gayyata, izinin fita da makami da izinin shiga da shi. Ra'ayina shi ne waɗannan takardu, duk da wahalarsu, su ne ginshiƙin da ya riƙe wasan, kuma wanda ya fara neman gasa kafin ya nemi ƙungiya ya soma daga wutsiya.

Ya kamata a fara da sanin me ake takara a kai, domin mutane da dama suna ɗauka jan kunama ne kawai. Harsashi samfurin 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fito da shi a 2007, yana barin bakin bindiga da gudun da ya haura mita 800 a daƙiƙa, amma kafin ya kai yadi 1,000, wato mita 914, sai ya shafe kusan daƙiƙa ɗaya da rabi a iska. A wannan ɗan lokaci nauyinsa yana janyo shi ƙasa da kimanin mita 8, iskar gefe mai gudun kilomita 16 a sa'a kuma tana iya kautar da shi fiye da mita ɗaya da rabi. Faɗuwar ƙasa lissafi ce, na'ura tana yin ta. Iska ce ke wahalar da kowa, saboda wadda ke kaɗawa inda maharbi yake kwance ba lallai ita ce ke kaɗawa a tsakiyar kwari ba, don haka sai ya karanta ta daga motsin ciyawa da ƙura da kawalwalniyar da ke rawa a cikin madubinsa. A gasannin Precision Rifle Series (PRS), waɗanda aka fara a Amurka a 2012 kuma su suka yayata wannan salo, ana ƙara wa mutum wahala da gangan: ya harba kusan harsashi goma cikin daƙiƙa 90 zuwa 120, yana sauya wuri daga kan dutse zuwa kan taya ko shinge ko rufin ɗaki na katako, ba tare da ya samu shimfiɗar da zai kwanta ya natsu ba.

Ba kowace gasar harbin nesa ce irin wannan ba, kuma rashin bambance su yana jawo asarar kuɗi. Akwai tsohon gida, na masu kwanciya su harbi allo a nisan da aka sani. Ƙungiyar maharba ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1859, ta yi taronta na farko a Wimbledon a 1860, Sarauniya Victoria ce ta yi harbin buɗewa, sannan aka koma Bisley a 1890, inda har yau ake taruwa kowane watan Yuli. Gasar Palma ta samo asali a Creedmoor da ke New York a 1876, ana harbi a yadi 800 da 900 da 1,000. Daga wannan gida aka samu F-Class, wanda wani ɗan Kanada mai suna George Farquharson ya assasa domin dattawan da idonsu ya raunana su ci gaba da wasa da madubi da abin tokare bindiga. Tsakiyar allonsu a yadi 1,000 ba ta wuce santimita 13 ba. Akwai kuma masu neman nisa mai wuce hankali, irin gasar King of 2 Miles da aka soma a Raton da ke jihar New Mexico, inda allon ƙarshe yake fiye da kilomita 3. Kowane gida da irin bindigarsa da ƙa'idarsa: rukunin F-TR na F-Class bai yarda da komai ba sai .223 da .308, nauyi kuma kada ya wuce kilo 8.25, yayin da PRS ta hana harsashin da ya fi .30 kauri ko ya fi ƙafa 3,200 a daƙiƙa gudu. Gasannin sojoji kuwa, kamar ta gwanayen harbi da ake yi a Fort Benning a jihar Georgia, na dakaru da jami'an tsaro ne, farar hula ba ya shiga ko nawa zai biya.

Jadawalin waɗannan gasanni ba a ɓoye yake ba. PRS tana wallafa nata, rassanta da takwarorinta a Birtaniya da Ostareliya da Afirka ta Kudu suna wallafa nasu, kuma da yawan masu shirya gasa suna karɓar rajista ta manhajar PractiScore. Sai dai ganin suna a jadawali ba samun gurbi ba ne. Manyan gasanni suna cika da wuri, mai shirya gasar kuma yana da ikon ƙin baƙon da bai san tarihinsa ba, tunda shi zai amsa tambaya idan wani ya juya bakin bindiga inda bai kamata ba. Gasar duniya ta IPRF, wadda aka sake yi a Grand Junction ta jihar Colorado a 2024, ba a shigarta da sunan kai. Ƙungiyar ƙasa ce ke zaɓen wakilanta ta aika. Haka Palma. Ma'ana, ƙofar Faransa ko Colorado tana garin mutum ne, a ƙaramin filin da ya saba zuwa ƙarshen mako, inda aka san shi, aka rubuta makinsa, aka ga yadda yake riƙe makami.

Daga nan sai dokar ƙasar da za a je. A Amurka, baƙon da ya shiga da bizar ziyara haramun ne ya riƙe bindiga sai ya faɗa cikin waɗanda doka ta keɓe, kuma kafin ya shigo da tasa sai hukumar kula da makamai ta ATF ta amince da takardar da ake kira 6NIA, wadda ake haɗawa da lasisin farauta na wata jiha ko gayyata daga gasar da aka sani. A Birtaniya baƙo ba ya nema wa kansa izini. Wani mazaunin ƙasar ne, ko ƙungiya irin ta Bisley, zai tsaya masa ya nema a wurin 'yan sanda, izinin kuma ba ya wuce wata 12. Bindiga mai sarrafa kanta mai babban harsashi ba ta shiga ƙasar ko da gayyata, tun dokar 1988 da ta biyo bayan kisan gillar Hungerford. Mazauna Tarayyar Turai suna da fasfon makami da ke sauƙaƙa musu zirga-zirga tsakaninsu, amma wanda ya zo daga waje ba ya cin wannan moriya, sai ya bi dokar kowace ƙasa daban. Afirka ta Kudu, wadda ta karɓi gasar duniya ta F-Class a 2023 da ta Palma a 2024 a filin Janar De Wet da ke Bloemfontein, tana ba da izinin shigowa na wucin gadi da fom SAPS 520 a ƙarƙashin dokarta ta 2000. Abin lura a duk waɗannan shi ne kowace ƙasa tana tambayar abu biyu iri ɗaya: wa ya gayyace ka, kuma ƙasarka ta yarda ka mallaki wannan makami?

Jirgin sama ma yana da nasa hukuncin, wanda yakan ba sabon shiga mamaki. Ƙa'idar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ta taƙaita harsashin da fasinja ɗaya zai saka a kayansa zuwa kilo 5. Gasar PRS ta kwana biyu tana cin kusan harsashi 200, kuma 200 na 6.5 Creedmoor sun kusa cinye wannan nauyi gaba ɗaya, ba a bar komai na gwaji ba. Gwajin kuwa dole ne, domin Bisley tana kusa da matakin teku, Bloemfontein tana sama da shi da kimanin mita 1,400, Raton kuma kusan 2,000. Inda iska ta fi sauƙi harsashi ba ya faɗuwa kamar yadda ya saba, lissafin gida sai ya tashi a banza. Sayen harsashi a can yana buƙatar nasa izinin, kuma ba lallai ya dace da bututun da aka saba da wani ba. Hatta sauya jirgi abin dubawa ne: Holan tana neman izinin wucewa ko da akwatin bindigar bai bar filin jirgin Schiphol ba.

Ga ɗan Nijeriya, tambaya ta biyu, wato ko ƙasarsa ta yarda ya mallaki makamin, ita ce ke tsaya masa a wuya. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: waɗanda aka haramta sai da izinin Shugaban Ƙasa, na kai waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu, da bindigogin toka irin na mafarauta waɗanda ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. A cikin na farko akwai bindigogin soja masu kaurin 7.62, wanda shi ne kaurin .308 da ake harba Palma da shi. Shigo da makami da fita da shi kowanne da izininsa, yarjejeniyar ECOWAS da aka sa wa hannu a Abuja a 2006 ta ƙara nata shingen a kan safarar ƙananan makamai, sannan a 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Wanda ba shi da lasisin gida ba shi da abin nuna wa Pretoria ko Landan. Wasu za su ce ai sai ya ari bindiga a can. Ana yin hakan, masu shirya gasa sukan taimaka wa baƙo, amma aro ba ya cire shi daga dokar riƙe makami ta ƙasar, kuma wanda bai taɓa harbi a yadi 600 ba zai je ne ya biya kuɗin kallo.

Akwai ƙorafi mai nauyi da ba za a tsallake ba, musamman ga mai karatu a Zamfara ko Katsina ko Borno, inda ƙarar bindiga take nufin jana'iza: shin wannan ba horar da masu kisa daga nesa ba ne da aka lulluɓe da sunan wasa? Ƙorafin yana da tushe. Ƙungiyar Birtaniya ta 1859 an kafa ta ne domin 'yan sa-kai su iya harbi saboda fargabar mamaya daga Faransa, kuma karatun iska iri ɗaya ne ko faranti ake bara ko mutum. Amma idan aka dubi abin da ke kashe mutane a Arewa, za a tarar da AK-47 da danginta, waɗanda aka yi fasa-ƙwaurinsu ta hamada bayan rugujewar Libiya a 2011 ko aka kwashe daga rumbunan jami'an tsaro, babu lamba a rajista, babu sunan mai su. Bindigar gasa akasin haka take: tana kai kilo 10, ana ɗana ta da hannu bayan kowane harbi, ita da madubinta suna cin dubban daloli, bututunta yana lalacewa bayan harbi dubu biyu ko uku, lambarta kuma tana rubuce a ofishin 'yan sanda da kwastan na kowace ƙasar da ta taka. Ɗan ta'adda ba ya neman makamin da ke barin sawu haka. Wannan amsa tana tsayawa ne kawai muddin takardun suna nan ana kuma bincikarsu da gaske. Ranar da aka sassauta su, ƙorafin ya yi gaskiya. Saboda haka maharbin da ke gunaguni a kan fom yana gunaguni ne a kan abin da ya sa gwamnatoci suke ƙyale shi ya yi wasansa.

Ƙorafi na biyu daga ɗaya ɓangaren yake fitowa: cewa tsarin ya mayar da wasan na masu hannu da shuni da na 'yan ƙasashen da dokarsu ke da sassauci, ya bar sauran duniya a waje. Wannan gaskiya ne, kuma ba na ganin amfanin musa shi. Kuɗin jirgi da biza da rajista da harsashi sun isa su kori mai matsakaicin albashi ko a Turai. Sai dai maganin da wasan ya samo wa kansa bai bi ta rage bincike ba, ya bi ta rage girman makami. Ƙaramin harsashi .22, mai araha da ƙarancin ƙara, idan aka harba shi a mita 200 zuwa 300 yana faɗuwa yana kuma bin iska kusan yadda babba ke yi a nisan kilomita, don haka darasin ɗaya ne a filin da bai kai rabin girma ba. Amurka tana da gasannin NRL22 na wata-wata a kan wannan, IPRF kuma ta yi gasar duniya ta farko ta wannan rukuni a Italiya a 2023. Wasannin Olamfik ma sun daɗe da bin wannan hanya: sun ajiye harbin mita 300 bayan Munich a 1972, suka tsaya a mita 10 da 25 da 50, da bindigar iska da .22. Ƙasar da ke son 'ya'yanta su kai Bisley ko Bloemfontein za ta iya farawa da fili guda mai rajista, rumbun ajiya a ƙarƙashin kulawar 'yan sanda, da ƙungiyar ƙasa da takwarorinta na waje za su amince da sa hannunta a kan wasiƙa.