Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Kowane manomi ya san wahalar tsakiyar damina. Rumbu ya yi ƙasa, ga noma, ga iyali suna jiran tuwo. Sai mutum ya tafi wurin mai kuɗi ya ci bashi. Da kaka ta yi, mai kuɗin ya zo ya kwashe amfanin gona da araha. Manomi ya sha rana, wani ya ci riba.

Maganin wannan shi ne gama kai. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun san gayya, matanmu sun san adashi. Ƙungiyar gama kai gayya ce wadda hukuma ta san da zamanta.

Ga yadda ake kafa ta. Mutum 10 ko fiye su taru. Su zaɓi shugaba da magatakarda da ma'aji. Kowa ya zuba kuɗin shiga, a rubuta. Sa'an nan su tafi ofishin gama kai na jiharsu, a yi musu rajista. A wurin taro kowa ƙuri'arsa ɗaya, da mai babbar gona da mai ƙarama.

Gwamnati ta daɗe tana taimakon wannan aiki. A 1935 aka yi dokar gama kai ta farko a Nijeriya. A 1973 aka kafa bankin manoma a Kaduna, don ba da rance. Akwai kuma kwaleji a Kaduna inda ake horar da ma'aikatan gama kai.

Don me Gwamnati ta fi son yin ma'amala da ƙungiya? Malamin gona ɗaya ba zai iya bin kowa gonarsa ba, amma yana iya koyar da mutum 30 a gindin bishiya ɗaya. Banki kuma bai san halinka ba, amma 'yan ƙungiyarku sun sani, su ne za su tsaya maka. Bayan haka, in kun sayi taki da iri tare, sun fi sauƙi. In kun ajiye hatsi tare har ya yi daraja, ɗan baranda ba zai yi muku wayo ba.

Amma a lura, rance ba kyauta ba ne. A 2015 aka fara wani shirin rance ga manoman shinkafa a Jihar Kebbi, ya bazu zuwa sauran jihohi. Waɗansu suka ci, suka ƙi biya, wannan ya jawo wa shirin cikas. Wanda ya ƙi biya ya toshe wa ɗan'uwansa ƙofa.

To, kai da kake koyon karatu, ka dage. Ran taro ka karɓi littafin ma'aji, ka duba lissafi da idonka. Ƙungiyar da mutanenta suka iya karatu da wuya a cuce ta.