Rotifa: Halittar da Ke Zama Ƙura Ta Sake Tashi

Idan mutum ya ɗiga ruwan kududdufi a kan ɗan gilashi, ya leƙa ta madubin likita mai ƙara girman abu sau ɗari, da wuya ya daɗe bai yi kiciɓis da ita ba. 'Yar halitta ce garai-garai kamar kwalba, ta kafa wutsiya a jikin ɓurɓushin gansakuka, ta miƙe, a kanta kuma wasu abubuwa biyu na ta juyawa, sai ka rantse tayoyi ne. Ita ce rotifa. Sunan daga harshen Latin ya fito, ma'anarsa mai ɗauke da taya.

Sai dai babu wata taya. Ƙananan gasu ne jere a kewayen kanta, kowanne na kaɗawa ya dawo, wannan na bin wancan. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fadamar shinkafa ana iska ya san abin: za ka ga kamar igiyar ruwa na gudu daga wannan gefe zuwa wancan, alhali ko kara ɗaya bai bar gurbinsa ba. Da wannan kaɗawa take jawo ruwa da abin da ke cikinsa, bakteriya da ƙwayoyin gansakuka, zuwa bakinta. In ta saki wutsiya kuwa, gasun su ne matuƙinta.

Ni dai abin da ya fi riƙe mini ido yana ƙasa da kan. Da yake jikin a fili yake, ana hango wani abu a maƙogwaro yana buɗewa yana rufewa ba hutawa. Sabon shiga yakan ɗauka zuciya ce. Muƙamuƙi ne mai ƙarfi, dutsen niƙanta ke nan, kuma da siffarsa masana ke bambance wani nau'i daga wani cikin nau'o'i sama da 2,000. Bayansa ga tumbi, kore ko ja-ja gwargwadon abin da ta ci, wani lokaci har da ƙwai. Wasu suna da jajayen ɗigo a ka masu jin haske. Ka ɗan ƙwanƙwasa gilashin, nan take ta shige cikin jikinta gaɓa-gaɓa, kamar yadda ake maida eriyar rediyo.

Yawancinsu ba su wuce rabin milimita ba, amma dabbobi ne cikakku, da ƙwaƙwalwa da tsoka da hanji, duk a cikin ƙwayoyin halitta kimanin 1,000. Adadin nan ba ya ƙaruwa bayan ƙyanƙyashewa. Ƙwayoyin ne ke girma.

Wani limamin coci a Ingila, John Harris, ya bayyana ta a 1696. Amma labarin da ya fi ratsa ni na Antonie van Leeuwenhoek ne, mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, wanda ke goge gilasan madubinsa da hannunsa. A 1702 ya ba da labarin yadda ya kankaro busasshiyar ƙura daga indararon dalma na gidansa, ya zuba mata ruwa, ba a jima ba ya ga halittun sun miƙe suna iyo. Ya adana ƙurar wata da watanni, ya sake jiƙawa, suka sake tashi.

Masu wannan baiwa su ne rukunin da ake kira bidiloyid, daga kalmar Girkanci mai nufin matsattsaku, saboda irin tafiyarsa suke yi: su kafa kai, su jawo wutsiya. In ruwa ya fara ƙafewa sai rotifar ta dunƙule, ta rabu da kusan duk ruwan jikinta, ta zama ƙwayar ƙurar da iska ke iya ɗauka. A 2021 masu bincike a Rasha suka sanar da farfaɗo da wata daga daskararriyar ƙasa kusa da kogin Alazeya a Siberiya, ƙasar da aka ƙiyasta shekarunta 24,000. Da ta narke ta ci abinci, ta kuma haihu. Ba ta nemi namiji ba, domin a cikin nau'o'in bidiloyid sama da 450 ba a taɓa ganin namiji ko ɗaya ba. Uwa ke haifar 'ya mace irinta. An kuma gano a 2008 cewa a cikin gadon halittarsu akwai guntayen da suka samo daga bakteriya da funfuna da tsirrai.

Sauran dangin dabararsu daban ce. In kududdufi ya kusa ƙafewa sai su bar ƙwai mai kaurin ɓawo a cikin laka, ya kwana rani ya jira damina. Idan suka ƙyanƙyashe, suna cikin abincin farko na 'ya'yan kifi, waɗanda bakinsu bai isa haɗiye abu babba ba, shi ya sa masu ƙyanƙyasar kifi a ƙasashe da dama ke kiwon rotifa a tankuna.

Malamin kimiyya da ke da madubi ko guda ɗaya a makarantarsa ba ya bukatar sayen komai don nuna wa ɗalibai wannan. Ya kankaro busasshiyar gansakuka daga indararo ko gindin katanga, ya jiƙa da ruwan sama a ɗan faranti, ya bari ta kwana. Da safe ya ɗiga a gilashi, ya rage hasken madubin kaɗan don jikin ya fito sosai, sannan ya kira yaran su zo su leƙa.