Katin zaman Amurka ta hanyar aure: abin da ya kamata ku sani kan cire sharaɗi

Idan kun samu izinin zama a Amurka saboda kun auri ɗan ƙasar ko mai katin zama, ku duba ranar da katinku zai ƙare. In shekara 2 kacal aka ba ku maimakon 10, to da sauran aiki a gabanku.

Mene ne wannan sharaɗi?

Katin zama na dindindin, wanda aka fi sani da girin kad, iri biyu ne ga ma'aurata. Wanda aurensa ya cika shekara 2 a ranar da aka ba shi izinin zama, katin shekara 10 yake samu. Wanda nasa bai cika ba kuwa, na shekara 2 ake ba shi, mai sharaɗi. Majalisar dokokin Amurka ce ta shigo da wannan tsari a 1986 don daƙile auren takarda, wato auren da ake ƙullawa don neman izinin zama kawai. Sharaɗin shi ne ku dawo ku nuna cewa auren na gaskiya ne. Kafin nan kuna da damar aiki da tafiye-tafiye kamar kowane mai katin zama.

Yaushe ake nema, kuma ta yaya?

Ana cike fom mai lamba I-751, a aika wa USCIS, hukumar da ke kula da shige da fice da ba da shaidar zama ɗan ƙasa. Miji da mata ne ke sa hannu tare. Lokacin aikawa shi ne kwana 90 na ƙarshe kafin katin ya ƙare. In kun riga lokaci, za a iya dawo muku da shi. In kuma kun bari ya wuce, izinin zamanku ya faɗi, kuma ana iya kai ku gaban alƙalin shige da fice don a fitar da ku. Ana karɓar na wanda ya makara, amma sai ya rubuta uzuri mai ƙarfi.

Kuna iya tambaya, idan katin ya ƙare ba a ba da amsa ba fa? Hukumar tana aiko da takardar shaidar karɓa, wadda tun 2023 take tsawaita katin da wata 48. Ku riƙa haɗa ta da tsohon katin wajen aiki da tafiya.

Wace shaida ake so?

A nan ne mutanenmu suka fi shan wahala. Jami'in da zai duba takardunku bai halarci ɗaurin aurenku ba, takarda kawai yake gani. Yana neman yarjejeniyar haya mai sunayenku biyu, asusun banki na haɗin gwiwa, takardun harajin da kuka cike tare, inshorar lafiya ko ta mota, takardun haihuwar 'ya'ya, hotuna, da rantsuwar mutum biyu da suka san zamanku.

A al'adarmu dukiyar mace tata ce, miji shi ke cefane da biyan haya, sau da yawa da sunansa kaɗai. Wannan ba laifi ba ne, sai dai a idon jami'in yana iya zama kamar ba ku tare. Shawarata ita ce tun watan farko ku sa sunan juna a haya da wuta da inshora, ku riƙa adana komai. Shaidar da ta ratsa shekara biyun ta fi tarin takardun da aka haɗa a mako guda. Ana iya kiran ku ganawa, ana iya yafe ta in shaidar ta gamsar.

Idan auren ya mutu fa?

Kuna iya nema ku kaɗai idan abokin zama ya rasu, ko an rabu alhali an yi auren da zuciya ɗaya, ko ana dukanku ko gallaza muku, ko kuma fitar da ku zai jefa ku cikin matsanancin hali. A irin wannan ba sai kun jira kwana 90 ɗin ba. Ku lura, saki da baki ko a gaban limami a Amurka bai wadatar ba, hukuncin kotu ake so.

'Yar'uwa, in mijinki yana tsoratar da ke cewa ba zai sa hannu ba sai kin haƙura da duka, ki sani doka ba ta ɗaure ki da sa hannunsa ba. Ki ajiye rahoton asibiti ko na 'yan sanda da saƙonnin waya, ki nemi lauyan shige da fice. Haka dokar take ga namijin da ake zalunta.

Nawa ne kuɗin?

Daga Afrilun 2024 kuɗin fom ɗin dala 750 ne, kuma an ɗauke shi ga masu nema saboda cin zarafi. Ku tabbatar da adadin a shafin hukumar kafin ku biya, don yana canzawa. Kuɗin lauya daban ne. 'Ya'yan da suka samu kati rana ɗaya da ku, ko cikin kwana 90 bayan haka, suna shiga fom ɗinku. Sauran sai an cike musu nasu.

Idan an amince, za a ba ku katin shekara 10. Shekara biyun da kuka yi da mai sharaɗi suna cikin lissafi, don haka wanda ke zaune da ɗan ƙasa yana iya neman zama ɗan Amurka bayan shekara 3 da samun katin farko, ko da ba a kammala duba fom ɗinsa ba.